Sunayen Mutanen Da Suka Rikiɗe Suka Zama Kalmomin Turanci

Turanci yana cike da kalmomin da asalinsu sunayen mutane ne, mutanen da aka haifa, aka raɗa musu suna, suka yi zamaninsu suka wuce. Wasu daga cikin kalmomin sun ƙetaro har cikin Hausa, sun zauna daram. Ɗalibin da ke roƙon aron biro a aji yana ambaton László Bíró ne, ɗan jaridar ƙasar Hangari. Direban tirela da ke bin layin dizal kuma yana kiran sunan Rudolf Diesel, injiniyan Jamus da ya ɓace a cikin teku a watan Satumba na 1913, yana kan jirgin ruwa daga Beljiyam zuwa Ingila. Ba kasafai mai furta kalmar yake sanin akwai mutum a bayanta ba.

Yawanci idan aka kawo irin waɗannan kalmomi, ana kawo su ne a matsayin labarai masu ban sha'awa, a ce wane ya yi abin kirki, duniya ta saka masa da dawwamar da sunansa. Ni dai da na bi tarihinsu ɗaya bayan ɗaya, ban ga haka ba. Abin da na gani shi ne, harshe ba alƙali ba ne. Sunan da ya fi kusa da bakin jama'a shi yake ɗauka, ko na wanda ya yi aikin ne, ko na wanda ya tsaya kusa da mai aikin, ko ma na wanda jama'a suka tsana.

Mu fara da kalmar da aka san ranar haihuwarta kusan daidai, wato boycott, abin da muke cewa ƙaurace wa. Charles Boycott tsohon hafsan sojan Ingila ne da ke karɓar kuɗin hayar gonaki a madadin wani babban mai ƙasa, Lord Erne, a gundumar Mayo da ke yammacin Ailan. A wancan zamanin yawancin manoman Ailan ba su mallaki gonakin da suke nomawa ba, haya suke biya ga iyayengiji da galibinsu ba sa ma zama a wurin. A 1880, bayan damina ta yi gardama a jere, mai ƙasar ya yi tayin rage kashi 10 cikin ɗari na kuɗin haya. Manoma suka ce sai dai kashi 25. Aka ƙi, Boycott ya samo takardun korar mutum 11 daga gonakinsu. Ana cikin haka, a watan Satumba na shekarar, jagoran 'yan gwagwarmayar ƙasar, Charles Stewart Parnell, ya yi jawabi a garin Ennis, inda ya shawarci manoma da kada su taɓa lafiyar wanda ya karɓi gonar da aka kori ɗan'uwansu, su dai juya masa baya a kasuwa da hanya da wurin ibada.

A kan Boycott aka fara gwada wannan shawara. Leburorin gonarsa suka ajiye aiki, masu aikin gidansa suka watse. Maƙeri ya daina yi wa dawakinsa aiki, mai wanki ta daina karɓar kayansa, masu kantuna a garin Ballinrobe suka daina sayar masa da komai, har yaron da ke kawo masa wasiƙu aka tsorata shi ya bari. Ga amfanin gona ya isa girbi, babu mai taɓawa. Ya rubuta kokensa zuwa jaridar The Times ta Landan, labari ya bazu. A watan Nuwamba wasu 'yan sa-kai 50 suka zo daga arewacin ƙasar don su yi masa girbi, gwamnati ta haɗa su da sojoji da 'yan sanda kusan 1,000 masu gadi. An ƙiyasta cewa an kashe kimanin fam 10,000 wajen ceto amfanin gonar da bai wuce na fam 500 ba. A farkon Disamba Boycott ya bar Ailan. Wani ɗan jaridar Amurka da ke wurin, James Redpath, ya ba da labarin cewa limamin cocin yankin, John O'Malley, shi ya ba da shawarar a kira wannan salo da sunan mutumin, saboda kalmar da ake da ita a Turancin littafi ta yi wa manoma nauyi a baki. Kafin shekarar ta ƙare jaridu sun kama, ba da jimawa ba kuma ta shiga Faransanci da Jamusanci da Rashanci.

Abin lura a nan shi ne, Boycott bai ƙaurace wa kowa ba, shi aka ƙaurace wa. Manoman da suka yi haƙuri da talauci suka haɗa kai, babu sunan ko ɗayansu a ƙamus. Amma makamin da suka ƙera ya yi tafiya mai nisa da sunan abokin gabarsu. Da shi baƙaƙen fata na birnin Montgomery a Amurka suka ƙaurace wa motocin safa tsawon kwana 381 daga Disamban 1955. A Nijeriya ma, a zamanin neman 'yancin kai, Mbonu Ojike ya yi ta kira da a ƙaurace wa kayan Turawa duk wanda za a iya ƙaurace masa, har kalmar ta zame masa laƙabi.

Wannan labarin yana nuna yadda abin yake faruwa. Dole a sami giɓi, wato wani sabon abu ko sabon hali da ba shi da suna mai sauƙi. Dole sunan mutumin ya zama gajere, mai daɗin furtawa. Dole kuma a sami masu yayatawa, kuma wannan ne ya sa ƙarni na 18 da na 19 suka haifar da irin waɗannan kalmomi masu yawa, domin a lokacin ne jaridu suka yawaita a Landan da Faris. Turanci kuma yana da wani sauƙi a nahawunsa: yana iya ɗaukar suna ya mai da shi aikatau ba tare da ya ƙara masa ko harafi ɗaya ba. Inda hakan bai yiwu ba, sai ya liƙa ɗafa-ƙeya, kamar yadda Louis Pasteur ya ba da pasteurise, wato dumama madara don kashe ƙwayoyin cuta, ko Franz Mesmer ya ba da mesmerise, wato ɗauke hankalin mutum. Alamar cewa rikiɗar ta kammala ita ce ranar da aka daina rubuta kalmar da babban baƙi. Daga nan sunan ya zama kamar tsohon kwabo da ya sha hannun 'yan kasuwa har hoton da ke jikinsa ya goge, ana ta ciniki da shi, babu mai tambayar fuskar wane ce.

Akwai wanda jama'a suka hukunta da sunansa kuma ya cancanci hukuncin. Vidkun Quisling, ɗan siyasar Nowe, ya shiga gidan rediyo ranar 9 ga Afrilu, 1940, ranar da sojojin Hitler suka mamaye ƙasarsa, ya ayyana kansa shugaban gwamnati. Cikin kwanaki kaɗan jaridun Ingila suka fara kiran duk wani maci amanar ƙasa quisling. An harbe shi a Oktoban 1945. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Amma na Joseph-Ignace Guillotin yana taɓa mini zuciya duk lokacin da na tuna. Likita ne, kuma ɗan majalisa a farkon juyin juya halin Faransa. A Faransar wancan lokaci, hukuncin kisa ya danganta ga matsayin mutum. Ɗan sarauta a fille masa kai da takobi, talaka kuwa a rataye shi, ko a ɗaure shi a jikin wata ƙafar keke ta katako a kakkarya masa gaɓoɓi har ya cika. A watan Oktoba na 1789 Guillotin ya gabatar wa majalisa shawarar cewa, tunda za a ci gaba da kisan, to a daidaita kowa, a yi shi da na'ura cikin gaggawa ba tare da azabtarwa ba. Shi kansa ba mai goyon bayan hukuncin kisa ba ne. Kuma ba shi ya zana na'urar ba. Wani likitan fiɗa, Antoine Louis, shi ya tsara ta, wani Bajamushe mai ƙera kayan kiɗa, Tobias Schmidt, ya harhaɗa ta. Da farko ma da sunan Louis aka fara kiranta. Amma sunan Guillotin ne ya fi kama bakin masu zambo, sai ya manne. An fara amfani da ita a Afrilun 1792, a cikin shekara biyu ta cinye kawunan dubban mutane, har da sarki Louis na 16 da matarsa. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa shi ma Guillotin da ita aka kashe shi. Ba gaskiya ba ne, a kan gadonsa ya rasu a 1814. Faransa ta ci gaba da amfani da na'urar har 1977. Mutum ya nemi a rage wa 'yan'uwansa azaba, ya wayi gari sunansa shi ne sunan wuƙar.

Na John Duns Scotus ya fi wannan muni ta wata fuskar. Malami ne ɗan Sikotilan da ya koyar a Oxford da Faris, ya rasu a 1308, kuma ana ƙirga shi cikin mafiya zurfin tunani a Turai ta zamaninsa. Ya yi nazarin Ibn Sina sosai, yana yawan kafa hujja da shi. Bayan shekara 200 da mutuwarsa, sabbin malaman Turai suka yi wa mabiyansa ca, suna cewa masu taurin kai ne da suka ƙi sabon ilimi, suna kiransu da sunan malaminsu don izgili. Daga nan aka sami dunce, wato daƙiƙi. Har aka zo zamanin da a makarantun Ingila da Amurka ake ɗora wa yaron da ya kasa karatu doguwar hula mai tsini da wannan suna, a tsayar da shi a lungun aji. Wanda ya ci nasara a jayayya shi ya bar wa harshe hukuncinsa. Haka aka yi wa Étienne de Silhouette, wanda ya riƙe baitulmalin Faransa na 'yan watanni a 1759, ya nemi ɗora wa masu hannu da shuni haraji saboda yaƙi ya cinye kuɗin ƙasa. Suka tsane shi, suka fara danganta duk wani abu mai araha da sunansa, har da hoton inuwar fuska da ake yankowa daga baƙar takarda, wanda shi ne hoton talakan da ba ya iya biyan mai zane. Yau silhouette na nufin inuwar siffar abu.

A ɗaya gefen kuma ga waɗanda suka tsinci dami a kala. John Montagu, mai riƙe da sarautar Sandwich na huɗu, bai ƙirƙiro sa nama tsakanin burodi biyu ba, mutane sun daɗe suna cin abinci haka. Shi dai babban mutum ne da aka gan shi yana yi. Wani matafiyi Bafaranshe ya rubuta cewa a teburin caca ya saba cin abincin don kada ya tashi, amma masanin da ya rubuta tarihin rayuwarsa, N. A. M. Rodger, yana ganin ya fi yiwuwa a teburin aiki ne, tunda mutum ne da ya shugabanci ma'aikatar sojan ruwan Birtaniya har sau uku. Ko ma wanne ne, kalmar ta riga ta shiga rubutu tun 1762. Ita kuwa rigar sanyi mai maɓallai a gaba da ake kira cardigan, ta samo suna ne daga mai sarautar Cardigan na bakwai, wanda ya ja mahaya dawaki sama da 600 suka tunkari bakin igwogin Rasha a yaƙin Kirimiya a Oktoban 1854, sakamakon umarnin da aka yi wa mummunar fahimta. Sama da 100 suka mutu nan take. Shi ya koma gida ana yi masa kallon jarumi, 'yan kasuwa suka sayar da riga da sunansa. A lura kuma, waɗannan biyun sunayen sarauta ne, kuma sarautun sunayen garuruwa ne. Gari ya ba sarauta suna, sarauta ta ba mutum, mutum ya ba burodi da riga.

Wani lokacin ma'anar takan yi tafiya har ta manta inda ta fito. An kama Guy Fawkes ranar 5 ga Nuwamba, 1605, a ƙarƙashin ginin majalisar dokokin Ingila tare da ganguna 36 na albarushi, shi da abokansa suna shirin tarwatsa sarki da 'yan majalisa. Daga baya, duk shekara yaran Ingila kan haɗa mutum-mutumi da tsummoki su ƙona, suna kiransa guy. Sannu a hankali kalmar ta koma nufin mutum mai shiga ta ban dariya. Da ta isa Amurka sai zagin ya zube, ta zama kowane namiji kawai. Ta wannan hanyar ta iso mana, samarin birni suka mai da ita gaye da gayu, ma'anar ta juye gaba ɗaya ta koma mai iya ado.

Duk waɗannan jama'a ne suka yi su ba da shiri ba. Akwai kuma waɗanda aka zauna a taro aka yanke. A 1881 masana lantarki suka haɗu a Faris suka amince da volt daga Alessandro Volta na Italiya, wanda ya ƙera batir na farko a 1800, da ampere daga André-Marie Ampère na Faransa, da ohm daga Georg Ohm na Jamus. Daga baya aka ƙara watt daga James Watt, mutumin Sikotilan da ya inganta injin tururi, da hertz daga Heinrich Hertz, wanda ya tabbatar da samuwar igiyoyin da rediyo ke tafiya a kansu, ya kuma rasu yana da shekara 36. Duk mai sayen ƙwan fitila ko farantin sola a kasuwa, da mai sauraron labarin megawat nawa aka samar a ƙasa, da mai murɗa rediyo yana neman tasha, da waɗannan mutanen yake hulɗa. Har doka aka yi: idan za a rubuta cikakken sunan ma'aunin, da ƙaramin baƙi za a fara, idan kuwa alamarsa ce, da babba. A nan aƙalla an yi ƙoƙarin adalci, domin mutanen sun yi aikin da ya kai. Sai dai cikin mutum 19 da ma'aunan tsarin awo na duniya ke ɗauke da sunayensu, babu mace ko ɗaya, kuma dukkansu daga Turai ko Amurka suke.

Shi ya sa kalmar algorithm take da wani matsayi na daban a wurina. Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya yi aiki a Bagadaza a zamanin halifa Ma'amun, a farkon ƙarni na 9. Laƙabin nasa nisba ce zuwa Khwarazm, wani yanki da yau mafi yawansa yake cikin Uzbekistan, daidai yadda malamanmu suke sa Alkanawi ko Albarnawi a ƙarshen sunansu. Wajen shekarar 820 ya rubuta littafi kan hisabin al-jabr da muƙabala, kuma daga wannan al-jabr ɗin Turawa suka sami algebra. Mai karatun da ya zauna gaban malami ya koyi ilimin gado zai so ya san cewa babban kaso na littafin lissafin wasiyya da rabon gado ne, domin marubucin ya yi shi ne don amfanin alƙalai da 'yan kasuwa da masu awon filaye. Ya kuma rubuta wani littafin da ya bayyana yadda ake lissafi da alƙaluman Indiya, wato ɗaya zuwa tara da sifiri. Asalin Larabcin wannan na biyun ya ɓace, fassararsa ta Latin ta ƙarni na 12 ce ta tsira, kuma a cikinta aka rubuta sunan marubucin da wani lafazi mai kama da Algoritmi.

Turawan lokacin suna fama da alƙaluman Rumawa, waɗanda ninkawa da rabawa da su aiki ne ja, sai an koma ga allon ƙirga da 'yan duwatsu. Da sabuwar hanyar ta zo, sai suka kira ta da sunan da suka gani a farkon littafin, Turanci ya ce algorism. Aka yi ƙarnoni ana ja-in-ja tsakanin masu lissafi da alƙalami da masu lissafi da duwatsu, kafin na farko su yi rinjaye. Zuwa lokacin an manta cewa sunan mutum ne. Wasu ma suka zaci kalmar Girkanci ce, dangin arithmos mai nufin lamba, kuma wannan zaton ne ya sauya rubutunta zuwa yadda take yau. A ƙarni na 20 ma'anarta ta faɗaɗa ta zama duk wani jerin matakai da ake bi a warware matsala, wanda shi ne ruhin aikin kwamfuta. Idan matashi ya ce algorithm ɗin TikTok ko Facebook ya ɓoye masa bidiyo, sunan wani malamin Bagadaza yake kira wanda ya rasu kusan shekara 1,200 da suka wuce. Wannan kam mai aikin ne ya sami sunan, duk da cewa shi da kansa bai ɓoye cewa alƙaluman na Indiyawa ne ba.

Ba kowa ya yi wannan sa'ar ba. A 1980 wani masanin ƙididdiga na Jami'ar Chicago, Stephen Stigler, ya fitar da wata ƙa'ida cewa babu wani binciken kimiyya da ke ɗauke da sunan wanda ya fara gano shi, ya kuma ce ita kanta ƙa'idar Robert Merton ne ya riga shi faɗa. Akwai zuzutawa a maganar, amma misalan suna da yawa. Ƙwayar cutar salmonella, wadda wani nau'inta ke haddasa taifot, tana ɗauke da sunan Daniel Salmon, shugaban sashen da aka yi binciken, alhali mataimakinsa Theobald Smith ne ya ware ƙwayar a 1885. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sinadarin nicotine na taba ya fito daga Jean Nicot, jakadan Faransa a Fotugal da ya aika taba zuwa fadar ƙasarsa wajen 1560, ganyen da mutanen asali na nahiyar Amurka suka yi dubban shekaru suna nomawa. Ita kanta Amurka, wani mai zanen taswira Bajamushe, Martin Waldseemüller, shi ya raɗa mata sunan Amerigo Vespucci a 1507, ba tare da an tambayi miliyoyin da ke zaune a cikinta ba. Kalmar bowdlerise, wato tace littafi a cire abin da ake ganin bai dace ba, ana danganta ta ga Thomas Bowdler, amma bugun farko na tataccen Shakespeare da ya fito a 1807 aikin 'yar'uwarsa Henrietta ne, wadda ba a sa sunanta ba. Shi ma Bíró, wani Ba'amurke mai suna John Loud ya riga shi yin rajistar alƙalami mai ƙwallo a baki tun 1888, sai dai nasa bai yi rubutu mai kyau a takarda ba. Abin da Bíró da ɗan'uwansa György, masanin sinadarai, suka warware a 1938 shi ne matsalar tawada. Daga baya wani Bafaranshe, Marcel Bich, ya sayi haƙƙin ya cika duniya da mai araha, shi ya sa abin da ake kira biro a Kano ake ce masa bik a Maraɗi da Damagaram.

Sai kuma a yi hattara da labaran da daɗinsu ya fi gaskiyarsu. An daɗe ana cewa tiyatar ciro jariri ta sami sunan caesarean ne saboda da ita aka haifi Julius Caesar. A zamanin Rumawa ba a yin wannan aiki sai uwa ta mutu ko tana bakin mutuwa, mahaifiyarsa Aurelia kuwa ta rayu har ya zama babban kwamanda. Masana sun fi karkata ga kalmar Latin mai nufin yanka. Abin da ya tabbata nasa shi ne watan Yuli, kamar yadda Agusta yake na magajinsa Augustus, da kuma laƙabin Ƙaisar da sarakunan Rum da Jamus da Rasha suka gada. Nicolas Chauvin, sojan Napoleon da ake cewa daga tsananin kishin ƙasarsa aka sami chauvinism, masu bincike sun nemi shaidar rayuwarsa a kundin soja ba su samu ba, da alama 'yan wasan kwaikwayo ne suka gina shi. Kalmar lynch kuma, kisan da gungun mutane ke yi ba tare da shari'a ba, mutum biyu ne 'yan jihar Virginia ake jingina wa, Charles Lynch da William Lynch, kuma hujjar ta fi ƙarfi a kan na farkon.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan al'ada, sai dai hanyarmu ta fi bayyana. Ɗafa-ƙeyar da muka aro daga Larabci ta ba mu Malikiyya da Ƙadiriyya da Tijjaniyya, 'yan siyasa kuma suka ɗauke ta suna gina nasu. Daga Fir'auna muka yi fir'aunanci, mai dukiyar da ta wuce misali muka ce Ƙaruna ne. Waɗanda suka yi aikin gwamnati a tsakiyar shekarun 1970 suna tuna Udoji, ƙarin albashi da ariyas da suka biyo bayan rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974, har sunan ya zama kalmar kuɗin da suka faɗo wa mutum a dunƙule. Uwargida kuma kowane irin ɗanɗanon miya ta saya, magi take ce masa, sunan Julius Maggi na ƙasar Suwizalan.

A fagen likitanci ne aka fara ja da baya daga wannan al'ada, kuma ina ganin an yi daidai. Cutar mantuwa ta Alzheimer da ta karkarwa ta Parkinson suna ɗauke da sunayen likitocin da suka bayyana su a 1906 da 1817. Tsargiya, wadda manoma da masunta suka sani tun zamanin Fir'aunoni, ta zama bilharzia saboda Theodor Bilharz ya ga tsutsar a Alƙahira a 1851. Irin wannan suna ba ya gaya wa majinyaci komai game da ciwonsa, wani lokacin kuma yakan zama abin kunya, kamar yadda aka sauya sunayen cututtukan da ke ɗauke da sunayen Reiter da Wegener bayan an tono alaƙar mutanen da mulkin Nazi. A watan Mayu na 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa kada a ƙara sa wa sabuwar cuta sunan mutum ko gari ko dabba. Mutanen Lassa a jihar Borno, waɗanda garinsu ke ɗauke da sunan zazzaɓi tun 1969, sun san amfanin wannan ƙa'ida fiye da kowa.

Sauran kalmomin kuwa sun riga sun zauna, babu mai tumɓuke su, kuma ban ga dalilin yin hakan ba. Roƙona yana ga malaman Turanci da na lissafi da na kimiyya a makarantunmu. Idan darasi ya kawo ku kan ɗaya daga cikinsu, ku ɗauki minti biyu ku gaya wa yara wane ne mai sunan, a ina ya rayu, me ya yi. Inda kuma wani ne ya yi wahalar aka ba wani sunan, ku ambaci Theobald Smith tare da Salmon, ku ambaci Henrietta tare da Thomas, ku ambaci manoman Mayo tare da Boycott.